Ranar da Nomau Ya Ƙi Faɗuwa

Wai a wani zamani, a wani gari da ba ya rasa 'yan kallo, an yi wasu 'yan kokawa biyu: Cindo, siriri kamar tsinken tsire, da Nomau, ƙato kamar rumbu. Kokawarsu ta shiri ce, tun a gida suke tsara ta. Nomau ya yi gurnani, Cindo ya kama ƙugunsa, Nomau ya yi tsalle da kansa ya faɗi, tim! Sai guɗa.

Yau guɗa, gobe guɗa, har Cindo ya manta wanda ke yin tsallen. Rannan a bakin rijiya ya ce wa 'yan mata, "Wannan buhun? Da hannun hagu nake kayar da shi!" Nomau na gefe yana cin gyaɗa, yana jin sa.

Ranar kasuwa aka shiga fili. Cindo ya kama ƙugu ya ɗaga, rumbu bai motsa ba. Ya sake ɗagawa, bai motsa ba. Ya sa kai, ya sa kafaɗa, har warkinsa ya fara zamewa. Aka fara dariya.

Ya raɗa masa, "Yaya Nomau, yi tsallen mana!"

"Wane tsalle? Hannun hagu nake jira."

Cindo ya saki ƙugun don ya riƙe warki. "Tuba nake, yaya! Kai ke faɗuwa, ni riƙewa kawai nake yi."

"Madalla," in ji Nomau. Nan take ya yi tsalle shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi, ya faɗi, tim!

Har yau a garin ana cewa raɗar Cindo ta fi hannunsa ƙarfi.