Littafin da Ya Hana Sukari a Gidansu Sakina

Lamine bai gama kashe motonsa, wato babur ɗinsa, a ƙofar gidan Mushe Sha'aibu ba, sai ga wata budurwa ta fito daga zaure riƙe da littafi da yatsu biyu, kamar ta ɗauko mataccen ɓera.

"Kai ne mai kawo wa Baba waɗannan abubuwa?"

Ya ce shi ne. Shi ke kula da ɗan ɗakin karatu na ƙungiyar matasa a Tessaoua, duk ranar kasuwar Baoudetta kuma yakan ɗaure akwatin littattafai a bayan moto ya kawo wa masu son aro.

"To sannu da aiki," in ji ta. "Tun da littafin lafiyar nan ya shigo gidanmu ba mu sake ganin sukari ba. Ba mai a miya, ba magi, gishiri kuwa Baba ke auna shi da hannunsa. Jiya shayi muka sha kamar ruwan wankin kwano."

Da mai hankali ne sai ya ba da haƙuri. Ina! Bawan Allah ko rabin maganar bai ji ba, ya tsaya kallon yadda fushi ke ƙara mata kyau, har moto ya nemi kayar da shi.

"Ba ni lambarka," ta ce. "Kafin ka sake kawo wani, ka faɗa mini, mu shirya."

Haka Sakina, autar Mushe Sha'aibu, ta karɓi lambar Lamine don tsaron miyar gidansu, shi ma ya karɓi tata. Kafin ya isa Tessaoua saƙonsa ya riga shi fita:

"Na iso lafiya, wato na kusa. Ni fa ban ga laifin Baba ba. Gidan da kike ciki me za a yi da wani sukari?"

Ta amsa: "Mai Littafi, ka duba hanya kada ka faɗa rami. Kuma ba a dama kunu da ni."

Daga nan shi ke nan. Ita tana ce masa Mai Littafi, shi yana ce mata Zumata, caji ba ya kwana a wayar kowa.

Shi Mushe Sha'aibu tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya ajiye aiki, mutum mai kirki, sai dai ba ya karanta littafi ya bar shi a littafi. Dole sai an yi aiki da shi a gida. Da aka kawo masa na kasuwanci, ya mai da gidan kamfani: kowace safiya taro, matarsa Uwa ta zama shugabar sashen girki, awaki suka zama jari. Da na siyasa ya zo, sai aka koma ɗaga hannu a kan abin da za a dafa. Ranar da shinkafa ta kayar da tuwon dawa, Mushe ya ce an yi maguɗi, ya soke zaɓen.

Na koyon tunani shi ya fi wahalar da jama'a. Ka ce masa ka kwana lafiya, sai ya gyara hula ya ce, "Mi ne hujjarka?"

Suna da fadar masu karatu a waya, inda kowa ke faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya ara. Salifu, mai gyaran wayoyi a Mayahi, ya ce marubucin littafin kasuwancin nan a turo shi ya sai da kankana ranar da hadari ya haɗu, a ga ƙarshen wayonsa. Bube na Issawane ya ce littafin siyasa ya yi daɗi, amma har ya ƙare bai ga inda aka yi maganar rijiya ba, saboda haka bai san ƙasar da ake nufi ba. Mushe kuwa muryarsa yake turowa, doguwa, da Faransanci da Hausa, kowane littafi a wurinsa shi ne littafin da ya fi kowane littafi. Lamine na ƙasa yana danna masa alamar tafi, don wanda ke son ɗiyar mutum ba ya musu da shi.

Saboda haka da maganar aure ta taso, Mushe ya yi murna har da tafawa. Uwa ce ta ajiye muciya.

"Wa? Mai akwatin nan? Yaron da ya raba ni da magi? Ni da munka zamna lahiya da mutumen nan tun kan a haifi yaron ga, yau sai na ɗaga hannu kahin in dahwa wake? In ya shigo dangi ai akwatin gaba ɗai za a sauke mamu. Ban yarda ba!"

Tana da nata ɗan takarar: Sabiru, ɗan ƙawarta, mai shago a Tchaké. Ba ya karanta komai sai kwanan wata a jikin gwangwanin madara, kuma duk zuwansa yakan bi ta bayan danga ya miƙo mata ƙullin sukari da magi a ɓoye. A idon Uwa wannan shi ne yaro mai tarbiyya.

Wata ranar kasuwa Lamine ya zagayo ta bayan gidan, ya ga Sabiru yana miƙa ƙulli, Sakina tana karɓa har da murmushi. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Bai ko sauke akwati ba ya juya, a hanya ya tura mata saƙo:

"Na gan ki. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da mai shago. Ni dama ba ni da abin bayarwa sai takarda."

"Kai Mai Littafi, duk karatun tunanin nan a ina ya tsaya? Mene ne hujjarka? Inna ce ta aike ni. Murmushin kuma na sukarin ne, ba na mai shi ba."

Ya yi dariya shi kaɗai a bakin hanya. Saƙo na biyu ne ya tsinke masa dariyar:

"Amma ka sani, Inna ta ce ana gama girbi iyayen Sabiru za su zo. Baba yana sonka, sai dai a wannan maganar ba ya iya soke zaɓe. Ni kai nake so, Lamine. Ka yi wani abu."

Akwai abin da Lamine ya daɗe da lura da shi ya yi shiru. Duk ra'ayin da Mushe ke turowa fada, a kan babin farko yake tsayawa. Littafin lafiyar nan a farkonsa ne ya tsoratar da mutane da sukari, can gaba cewa ya yi a rage, ba a bari ba. Na siyasa yana da babi guda a kan yadda shugaba ke karɓar kaye. Wato da Mushe na kai littafi ƙarshe, da Uwa ba ta wahala ba.

To amma wa zai kalli tsohon malamin lakwal ya ce masa ba ya gama karatu? In ya faɗa, ya rasa uban. In ya yi shiru, uwar ta ba Sabiru. Gero kuwa ya riga ya nuna a gonaki.

Ya zo bayan la'asar, ya tarar da Mushe a kan tabarma ƙarƙashin itacen bedi. Ya tsuguna, ya gaishe shi, ya ce ya wuni lafiya, ya ba da hujja. Sannan ya soma magana.

"Baba, ina da magana, ka yi mini haƙuri. Littafin lafiyar nan... babi na shida ya ce ana iya shan sukari kaɗan."

"Babi na shida?"

"E, Baba. Ina ga kamar ba a kai wurin ba. Da shi, da na siyasa, da..."

Mushe ya miƙe zaune. "Ni? Ni da na koya ma rabin garin ga baƙi? Kai yaro za ka ce ban karatu? Tashi ka ba ni wuri! Kuma kada in sake ganin akwatinka a ƙohwar gidana."

Lamine ya tashi ya fita. Har ya hau moto ya manta bai sa makulli ba, ya yi ta dukan kik a banza. Da dare ya rubuta wa Sakina:

"Zumata, na ɓata komai. Yanzu ba uwa ba uba."

"Ban san me ka ce masa ba, ya shiga ɗaki ya rufe. Ko taron safe ba a yi ba. Na yi kuka, amma ban fasa ba."

Fada ma ta yi tsit. Salifu ya tambaya ko Mushe lafiya, Lamine ya ce uzuri ne ya riƙe shi, bai ƙara ko kalma ba.

Ana cikin yankan gero sai ga kiran Mushe da kansa: ya zo, kuma ya zo da littafin nan mai babi na shida.

Wannan karon a zaure ya same shi, ba kowa. Tsohon ya karɓi littafin, ya buɗe, ya kai shi kusa da hanci, ya nesanta shi, ya rufe.

"Lamine, idanuna sun tahi. In na yi shafi kaɗan sai baƙaƙen su haɗe, ruwa ya riƙa zuba. Babin farko nike iya kaiwa da ƙyar. Ko uwar ɗiyan nan ban gaya ma ba. Mutumen da anka sani da karatu, in ya ce ba ya gani, mi ya rage mashi?"

Tausayi ya kama Lamine har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya jawo littafin a hankali.

"Baba, ni ina gani. Daga ina za mu tashi?"

Mushe ya share fuska da bakin rawani. "Babi na biyu," ya ce. "Kuma ka ɗaga murya, kada ka riƙa cinye wasulla."

Daga ranar, duk zuwan Lamine sai a shimfiɗa tabarma ya karanta, yana fassarawa da Hausa. Uwa ta fara da wucewa tana tsaki. Sai ta koma tsintar wake a bayan zana. Ranar da aka iso babi na shida, murya ta fito daga bayan zanar:

"Maimaita wurin nan!"

Ya maimaita.

"Malam, ka ji ko? Kaɗan anka ce. Mai littahin ga ashe yana da hankali, kai ne ba ka bari ya gama magana ba."

Ta zama mai ra'ayi fiye da kowa. Littafin kasuwanci ta ce surutu ya yi masa yawa, abin da ya faɗa a babi goma kowace mai ƙosai ta sani. Na tunani kuwa ta so shi ƙwarai, don ta samu abin kama Mushe da shi. Yana cewa miya ta yi gishiri sai ta ce, "Mi ne hujjarka?"

Lamine ya lallaɓa tsohon ya ɗauke shi a moto zuwa wurin likitan ido, suka dawo da tabarau. A fada ba wanda ya ji komai, sai dai aka ga ra'ayin Mushe ya dawo, har yana kushe ƙarshen littafi.

Da Sabiru ya zo jin ranar da zai turo iyayensa, Uwa ta ba shi fura mai sanyi, ta yi masa godiya a kan ɗawainiya, ta ce Allah ya haɗa shi da rabonsa. Da yamma ta kira Sakina.

"Ina kwana ɗaki guda da ubanki ban san ba ya gani ba. Yaron ga ya gano, ya sha kora, kuma bai kai shi bakin duniya ba. Wanda ya rufa ma ubanki asiri zai rufa maki. Ki ce ya turo."

Sakina ta ruga ɗaki, ta ɗauki waya:

"Mai Littafi! An yi zaɓe, ka ci, kuma ba wanda ya soke!"

"Zumata, ina tsakiyar kasuwa, na zauna a kan buhun wani ban sani ba. Alhamdu lillahi. Wallahi ina sonki."

Aka ɗaura aure bayan an gama kai amfanin gona rumbu. 'Yan fada suka zo har daga Issawane, aka sha shayi, aka ci shinkafa mai mai da magi. Da za a tafi da amarya, Mushe ya riƙe hannun ango a zaure ya ƙi saki.

"Na ba ka ita duniya da lahira. Amma tabaran nan suna sa ni ciwon kai. Ran Juma'a ka zo mu ci gaba."

Kowa ya san tabarau lafiyarsu lau. Lamine ya ce, "In sha Allahu, Baba."

"Ku zo tare," in ji Uwa daga bayansa, tana share hawaye da gefen mayafi. "Kuma ni za ni zaɓi littahin."

Sannan ta dafa kan ɗiyarta, ta dafa kan surukinta.

"Allah ya ba ku zaman lahiya, ya ba ku zuri'a mai albarka. Allah ya sa ku riƙa sauraren juna har kowa ya gama maganarshi. Ku tahi, Allah ya yi maku albarka."

Zauren ya amsa da amin. Sakina tana kuka a cikin lulluɓi, ta lalubo hannun Lamine ta riƙe.