Babban Yatsan Gideon

Hantsi ya dubi ludayi aka kira Insfekta Jethro zuwa wani kamfanin robobi a Kudenda. Wani makanike, Gideon, ya faɗo daga saman tankin ruwa, ko shurawa bai yi ba.

Foman ɗin kamfanin, Benson, shi ya tari Jethro a ƙofa.

"Oga, da kansa ya diro. Kwana biyun nan ba ya cikin hayyacinsa."

"Ka gani da idonka?"

"Ina ofis. Ƙara kawai na ji."

"Wa ya aike shi sama?"

"Babu wanda ya aike shi."

Jethro ya durƙusa gaban gawar. Hannuwan duk tsatsa da baƙin mai, kamar na kowane makanike. Amma babban yatsan dama tas yake, sai ka ce an wanke shi don zuwa coci.

Ya ɗaga kai ya dubi tsanin ƙarfen tankin. Can sama wani mataki ya ɓalle.

"Shi ya karya shi da zai diro," in ji Benson, tun ba a tambaye shi ba.

Wayar mamacin na aljihu. Da zanen yatsan mai ita ake buɗe ta. Jethro ya sake duban yatsan.

Kafin ya isa Unguwar Boro, inda gidan mamacin yake, labari ya riga shi. Dattawan ikkilisiya sun zo sun tafi. Sun ce wanda ya kashe kansa ba a shiga da shi coci, mawaƙa ba za su raka shi ba, can ƙauye ma bayan gari za a haƙa masa. Babu wanda ya tambayi waye ya gani. Foman ya faɗa, shi ke nan ta zauna.

Matar Gideon, Scholastica, na zaune a tabarma, idonta a bushe.

"Maman Favour, sannu da haƙuri. Mijinki na da wata damuwa?"

"Mutumin da ya ce in jiƙa masa wake, yau alale yake so? Insfekta, don Allah."

"An ce ba ya cikin hayyacinsa."

"Wanda ya faɗa ya zo ya faɗa a gabana."

Ta juya wayarta a hannu, ta dubi matan zumuntar coci da suka cika ɗakin. Jethro ya gane, ya ce su ɗan ba su wuri.

"Ni na saita masa wayarsa," ta ce a hankali. "Da imel ɗina. Duk hoton da ya ɗauka, yana hawa ma'ajiyar intanet, ya faɗo a tawa. Bai sani ba."

"Don me?"

"Akwai wata Vicky mai sayar da shinkafa a bakin kamfani." Ta ɗan murmusa. "Ban taɓa kama shi da komai ba. Injina kawai yake ɗauka, kai ka ce 'ya'yansa ne."

"Na yau fa?"

"Da safe wani bidiyo ya shigo, ina wa Favour wanka, ban buɗe ba. Bayan an kira ni an ce ya mutu, na duba. Babu shi. Insfekta, gawa tana goge bidiyo?"

Jethro ya karɓi wayar. Abin da aka goge ba ya ɓacewa nan take. Yakan yi makonni a kwandon sharar ma'ajiyar. Ya shiga, ga shi nan shi kaɗai. Ya danna, ya dawo da shi.

Tsani ne, tsatsa ta cinye shi. Sai muryar Gideon: "Oga Benson, duba da kanka. Tun bara nake faɗa maka. Wannan ba zai ɗauki mutum ba."

Fuskar Benson ta shigo. "Kashe wayar nan. Ka hau, ko ka ajiye mini yunifom ka tafi gida."

Sai a lokacin Scholastica ta fashe da kuka.

A caji ofis Benson ya kalli bidiyon har ƙarshe.

"Ai na goge shi," ya ce, kafin ya kama bakinsa.

"Da wane yatsa?"

Benson ya sake duban wayar.

"Wayar ta ƙi buɗewa saboda mai," ya ce daga baya. "Sai na share masa yatsan da rigata. Manaja ya ce in sa a canja tsanin, na yi ta ɗagawa. Oga, ban tura shi ba, wallahi."

"Ka tura shi da baki. Ka ɓata shaida. Sannan ka so a binne shi kamar kare."

Wani kofur ya sa masa ankwa, aka wuce da shi ciki.

Jethro ya koma Unguwar Boro da yamma, ya tarar da dattawan sun dawo, kowa na cewa shi da ma bai yarda ba. Babbansu ya matso, ya ce, to amma mace ta riƙa leƙen wayar mijinta, wannan bai dace ba.

Scholastica ta gyara ɗankwalinta.

"Baba, wannan mu yi shi bayan jana'iza. Yanzu a gaya wa mawaƙa ranar Asabar ne. Kuma ta ƙofar gaba za a shiga da shi."