Mai Neman Aure da Askin Fursuna

"Cire hularka, samari. A gidana ba a zama teburi da hula."

Ottilie ta ɗago kai. Ta dubi mahaifinta, Malam Dorsch mai gidan burodi, sannan ta dubi saurayinta Ambrose da ke riƙe da bakin hular kamar za a ƙwace masa.

Ita kaɗai ta san abin da ke ƙarƙashi. Da idonta ta ga an yi masa ƙwal-kwabo a ɗakin shirin 'yan wasa, inda take ɗinkin kaya. Fursuna yake fitowa a sabon fim, kuma dokar kamfani ce: ba tara gashi, ba taɓa gemu, sai an gama ɗauka.

Ambrose ya cire hular a hankali.

Mama ta ajiye kwanon kabeji.

"Shi ne," in ji Baba. "Wanda ya kori gwauruwar nan da 'ya'yanta cikin ruwan sama. Conrad ya kai ni sinima na gani."

Conrad, ɗan abokin Baba, wanda Ottilie ta ƙi aurensa sau biyu. Ashe shi ya sa ya zaɓi wannan fim ɗin.

"Baba, wasa ne fa..."

"Da shi nake magana."

Tun da finafinai suka fara magana masu Hollywood suka ji muryar Ambrose mai kaushi, suka yanke masa hukunci: mugun mai gidan haya, likita mashayi, ɗan daba. Jarumi ya sha tafi, shi kuma sunansa can ƙasan allo, bayan jama'a sun miƙe. Haka ake yi wa ɗaruruwa a garin nan, kowa kuma ya naɗe hannu wai haka sana'ar ta gada. Abin takaici, masu kallon ma sun kasa raba mutum da rigar da aka ara masa.

"Ranka ya daɗe, na zo ne... wato, Ottilie da ni... ina nufin..."

"Sau nawa ka mutu a bana?"

"Ban ƙirga ba. Harbi ya fi yawa."

Mama ta rufe baki da tsumma, kafaɗunta na rawa. Baba bai yi dariya ba.

"Mutumin da ƙarya ce abincinsa, ta yaya zan san ranar da yake faɗa min gaskiya?"

Ottilie ta sa hannu ƙarƙashin teburi ta kama nasa. Sanyi ƙalau.

"Faɗa masa, masoyina," ta ce a hankali.

Ambrose ya dubi Baba.

"A gaban na'urar ɗaukar fim ban taɓa yin in'ina ba, ranka ya daɗe. Wani ne ya rubuta, ni haddacewa kawai nake. Yau babu wanda ya rubuta min komai, shi ya sa ka ga ina ta tuntuɓe. Ina son 'yarka. Ba zan taɓa zama jarumi ba, wannan fuskar ba ta sayuwa a haka. Amma kullum ina da aiki, kuma kullum gida zan dawo."



"Ke kuma fa?" Baba ya juyo gare ta.

"Ni nake ɗinka masa rigunan mugunta, Baba. Na san inda suke ƙarewa, na san inda shi yake farawa. In ba shi ba, ba kowa."

Baba ya ɗauki wuƙa ya yanka burodi, ya daɗe yana kallon ɓawon.

"Bayan fursuna, me za ka zama?"

"Ɓarawon dawakai."

"Yana da gashi?"

"Har kafaɗa."

Baba ya tura masa yankan burodin, mafi kauri.

"To, a tsakanin fursuna da ɓarawon za a ɗaura auren, bayan gashin ya tsiro. Ba zan rataye hoton wannan kan a falona ba."