Rabi'in Ƙarshe a Bakin Teku

"Wato kin yanke hukunci ke nan, Muhibba?"

Sadiƙ na tsaye a ƙofar falonmu, makullin mota a hannunsa. Na kasa ɗago kai in kalle shi.

"Aikin Abba a ofishin jakadanci ya ƙare, Sadiƙ. Ƙarshen Mayu za mu koma gida. Tun rasuwar Mami ni kaɗai gare shi. Wa zai kula da shi?"

"Ni fa? Wa gare ni?"

"Kana da Gwaggo..."

"Ai ita ce ta hana ni bin ki! Matar da ta raine ni tana kwance a unguwar Al-Naseem nan Riyad, ko tashi ba ta yi sai an ɗaga ta. In tafi in bar ta?"

"To ka gani. Kai ba ka tafiya, ni ba na zama."

"Habibti..."

"Khalas, ya isa haka, Sadiƙ. Don Allah ka tafi!"

Ya tafi ɗin. Na tsaya a taga har motarsa ta sha kwana.

A satin muka bar Riyad ni da Abba. Kowace shekara idan rabi'i, wato lokacin fitowar furanni, ya shigo, kafin zafi ya sauko, mukan kama wani ɗan gidan hutu a ƙauyen masunta kusa da Umluj, a bakin Bahar Maliya. Ɗaki biyu ne, da rumfar ganyen dabino. Mami ce ta fara gano shi, kuma ko bayan ta rasu Abba bai taɓa fashin zuwa ba.

Komai yana nan yadda muka bar shi. Iska mai sanyi, ƙananan furanni rawaya a bayan katanga, jiragen masunta suna shigowa da hantsi. Ni ce dai ba na nan. In na soya kifi sai in tuna Sadiƙ ba ya cin sa sai da yaji mai yawa. In na ga teku ta yi shuɗi sai in ɗauki hoto, in rasa wanda zan tura wa. Sau nawa na buɗe sunansa a waya na rufe!

Wata safiya muna shan shayi a rumfa, Abba ya ajiye kofinsa.

"Mamana, ina yaron nan Sadiƙ? Kwana biyu ban ji wayarki na ƙara ba."

"Mun rabu, Abba."

"Laifi ya yi miki?"

"A'a... Ni dai ba zan bar ka ka koma Zariya kai kaɗai ba."

Ya mai da kallonsa ga ruwa. Can ya cire tabarau yana gogewa da bakin rigarsa.

"Akwai maganar da na daɗe ina ɓoye miki. Kin san Hajiya Jamilatu, wadda ta yi koyarwa tare da mahaifiyarki a Zariya?"

"Wadda mijinta ya rasu?"

"Ita. Mun daidaita tun bara. Sai na ce mata ta yi haƙuri, ba zan sa wata a ɗakin Maminki ba kina cikin gidan. Sai na aurar da ke."

Ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi.

"A nan za ka faɗa mini, Abba? A gidan da Mami ta fi so?"

Na tashi da gudu na nufi bakin ruwa. Na yi kuka sosai, na rasa ko na Mami nake yi ko na kaina. Bai biyo ni nan da nan ba. Sai da na gaji ya zo ya zauna kan yashi kusa da ni, da farar jallabiyarsa.

"Ban manta da ita ba," ya ce a hankali. "Ba kuma zan manta ba. Amma dubi abin da muke yi, Mamana. Ina jiran ki, kina jira na. Haka za mu zauna har yaushe?"

Na kwantar da kai a kafaɗarsa.

"Tana da kirki?"

"Tana da faɗa dai."

Dariya ta ƙwace mini cikin hawaye. Ya miƙo mini wayarsa.

"Kira shi. In ya ga lambata dole ya ɗauka."

Bugu ɗaya ya ɗaga.

"Assalamu alaikum, Abba..."

"Ni ce."

Na ji ya ja dogon numfashi.

"Muhibba... ƙarar me nake ji haka?"

"Teku ce, masoyina. Wallahi na yi kewarka!"

An ɗaura aurenmu a Riyad ana saura mako guda Abba ya tafi. A keken guragu aka kawo Gwaggo walima, ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

Mu muka raka Abba filin jirgi. Ya dafa kafaɗar Sadiƙ ya ce, "Ga amana nan." Ni kuwa bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ja akwatinsa ya shige cikin mutane, ina hango hularsa har ta ɓace.

A mota Sadiƙ ya leƙo wayata, ya kamo hannuna.

"Habibti, ko tashi jirgin bai yi ba fa."

Na dubi abin da na rubuta: "Abba, ka sauka lafiya?"

Na goge hawayena, na tura masa a haka.