Motar Da Ba Ta Magana

Ita dai 'yar makanike ce, da kunne take gane mota tun kafin ido ya gani. Shi ya sa ranar da ta zauna a tasha, kanta cikin littafi, tana jiran ƙarar inji, ba ta san bas ta daɗe tsaye a gabanta ba.

"Malama, in an gama karatun, muna jira," in ji direban yana murmushi.

Sabuwar mota ce mai aiki da lantarki, cikin waɗanda aka kawo don rage hayaƙin da ke ƙara wa duniya zafi. Ta shiga, kunya kamar ta nutse. Motar ta tashi shiru, sai ka ce kan ruwa take tafiya, har kukan tsuntsaye take ji ta taga. Da ta sauka, zuciyarta ba ta biyo ta ba.

Kafin wata uku saƙon direban ya zama abincinta: "'Yar littafina, yau kujerarki ba kowa, duk garin ya yi mini faɗi."

Amma da maganar aure ta taso, Babanta ya ce bai san zancen ba.

"Shekara talatin ina sauraron inji. Wanda ya zo kashe mini sana'a zan ba 'yata? Motar da ba ta magana, ban yarda da mai ita ba."

Ta sha kuka har ta rame, don sonsa take tsakani da Allah. Daga baya ta lallaɓa shi.

"Baba, ka hau sau ɗaya. In ba ta yi maka ba, na haƙura."

Ya hau fuska a murtuke. Sun yi nisa, sai ya karkata kai.

"Yaro, tsaya. Birkin baya na hagu yana goga."

Aka duba, haka ne.

"Baba, jiya aka sa mata na'urar gwaji, ba ta gano ba," in ji saurayin. "Irin kunnenka garejinmu yake nema."

Tsoho ya daɗe yana shafa jikin motar.

"Tun da muka taso a motar nan ban yi tarin hayaƙi ba," ya ce a hankali. "Ka turo manyanka."

A motar aka kai amarya. Baba na kujerar gaba, kunne a karkace, yana sa musu albarka, kuma kowa ya ji shi har na can baya. Allah ya ba su zaman lafiya.