Hasken da Ya Ƙi Mutuwa a Rijiya

Dutsen farko ya faɗo ana kiran sallar magariba, Zuliha na tsugune tana kwashe tuwo. Ya bugi murfin tukunya, ya gangaro gabanta. Da ta ɗauka sai ta ji shi jiƙe, da sanyi, da gansakuka a jikinsa, alhali rabon Damagaram da ruwan sama wata biyar. Ba ta ko dubi katanga ba. Tsohuwar rijiyar da ke kusurwar gidan ta duba.

Rijiyar ta girmi kowa a wannan lungu na Birni. Shekara da shekaru tana rufe, sai bara mijinta Muntari ya ɗage murfin. Ƙanensa Ɗanƙarami mai haƙar rijiya ne, ya sauka wani rami a Gidimuni, muguwar iska ta shaƙe shi, aka jawo gawarsa da igiya. Tun daga wannan rana Muntari, wanda ke aiki a ɗakin bincike na jami'a, bai sake samun natsuwa ba. Ya haɗa wani zaren gilashi siriri kamar gashin kai, haske na bi ta cikinsa. Ana shafa wa bakinsa magani a zura shi ƙasa. In iskar ramin ta ɓaci hasken ya sauya, akwatin da ke sama ya yi ƙara, mai haƙa ya san kada ya sauka. Sau ɗaya ya yi mata bayanin, ta riƙe.

A rijiyar gidan yake gwada zaren, sai dai ba ya daɗewa. Kwana bakwai, kwana goma, ya jawo shi ya tarar bakin ya dushe, hasken ya mutu. Yakan ce danshi ne ke cinye maganin, kuma ba mai haƙar rijiyar da zai iya sauya zare kowane mako. Ya yi wata takwas yana fama, har ya samo wata riga da ya sa wa bakin zaren, iska na ratsa ta, danshi ba ya ratsawa. Ya zura. Kwana ashirin, kwana talatin, jan haske na nan a ƙasan rijiya kamar garwashi. Muntari ya koma cin abinci, har dariya yake yi da 'yarsu Raudatu.

A cikin waɗannan kwanaki ne Zuliha ta fara ji. In rana ta yi ƙasa ta je kwashe shanya, sai kukan jariri ya taso daga rijiyar, siriri, a gajiye. Sau uku tana buɗe baki za ta faɗa wa maigidan, sai ta dubi fuskarsa da ta fara cikowa, ta haɗiye. Ran kwana talatin da shida kukan ya tsaya. Washegari dutsen ya faɗo.

Magariba uku ana jifa. A rana ta huɗu Raudatu, 'yar shekara bakwai, ta dawo daga lakwal, ko tufafin makarantar ba ta sauya ba, ta je ta zauna a bakin rijiya, ta rungume hannuwanta tana jijjiga abin da babu mai ganinsa. An kai ta likita, ba a ga komai ba. Ta daina ci. In an kunna kuran, hasken lantarki ya cika ɗaki, sai ta rufe ido ta yi ƙara da muryar da ba ta yara ba.

Kwana uku ana haka, bayan la'asar Muntari ya zo da Malam Bukar daga Dakusa, tsoho mai ƙaramin jiki. Ya shimfiɗa buzunsa a tsakar gida, ya sa aka zaunar da yarinyar gabansa, ya yi ta karatu a hankali har inuwa ta rufe gidan. Sannan Raudatu ta ɗago kai.

"Ya isa, Malam. Ni ma ina salla."

"To, baiwar Allah, wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Ina cikin rijiyar nan tun kafin a gina ganuwa. Ban taɓa tsinke wa kowa guga ba." Muryar ta manyan mata ce, ta dushe da kuka. "Sai maigidan nan ya zuro mini wuta, ko sallama babu. Ina da jariri, mu kuwa 'ya'yanmu ba sa barci cikin haske. Nakan hura mata numfashi kullum har ta mutu, mu samu kwana biyu mu huta kafin ya kawo wata. Ban yi fushi ba. Na ji yana kiran sunan ƙanensa. Amma ta ƙarshen nan na hura, na hura har ƙirjina ya yi ciwo, ta ƙi. Kwana talatin da shida ɗana bai runtsa ba."

Muntari ya zube ƙasa. "Wallahi ban sani ba."

"Kai ba ka ji ba." Idanun yarinyar suka juya a hankali zuwa ƙofar madafa. "Ita ta ji."

Zuliha na tsaye a wurin. Muntari ya waiwayo ya dube ta, ta sunkuyar da kai.

"A ba ni wannan a madadinsa," in ji muryar.

"Ba za a ba ki ba," Malam Bukar ya ce, bai ɗaga murya ba. "Kin ce kina salla. Za ki tsaya gaban Allah da ran yarinyar da ba ta san komai ba? Za a cire zaren yanzu, a rufe miki gidanki. Kuma duk ramin da maigidan zai kai shi, sai ya yi sallama, ya bar shi yini kawai."

Muntari ya tashi yana tangaɗi ya jawo zaren. Ya fito lafiya lau, jan hasken na ci kamar yau aka sa shi. Ya kashe akwatin da hannunsa.

"Yanzu kuma wa zai yi barcin?" in ji muryar.

Malam ya ce, "Faɗi abin da ɗan Adam zai iya, a yi miki."

Hawaye na bin kumatun yarinyar.

"Kwana bakwai ina zaune ni kaɗai. Maƙwabtana ne ku. Ba wanda ya zo mini gaisuwa."

Zuliha, wadda ko gaban baƙuwa ba ta iya haɗa magana biyu, ta gyara mayafinta, ta cire takalmi, ta zo ta durƙusa gaban 'yarta kamar yadda ake durƙusa wa manya.

"Sannunki da rashi. Ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya."

"Na ji shi. Kullum ina jinsa. Ki yafe mini." Ta share hawaye. "Allah ya sa mai cetonki ne."

"Amin. Kin gaishe ni, na gode. Zan koma wajen dangina, gidan nan ya yi mini faɗi."

Raudatu ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido sai ta shafa fuskar Zuliha da tafin hannunta.

"Inna, kuka kike yi? Wa ya rasu?"

Zuliha ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tuna ko sunan jaririn ba ta tambaya ba.