Waƙar Da Aka Yanke

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarun da kaset ɗin bidiyo ya fara cinye kasuwar gidajen sinima a Kaduna, wata Talata da hantsi, Sufeto Sanda yana ofishinsa yana ɓare goro sai ya ji hayaniya a bakin kanta. Ya fito ya tarar da wasu samari sun jawo wani mutum kamar akuyar da za a kai mahauta, riga a yage, leɓe a kumbure, haƙori ɗaya ya fita. A gabansu ga wani matashi cikin farar shadda yana ta huci.

"Yallaɓai, ɓarawo na kawo muku," in ji mai shaddar. "Sunana Abdurrahim, ni na shirya fim ɗin 'Yar Kurmin Mashi. Wannan Bawa ne, mai haska fim a sinimar Alhaji Inuwa. Na ba shi amanar kaset, ya kwafa ya sayar. Yanzu haka fim ɗina ya cika Babbar Kasuwa, ni mai shi ban ma sake shi ba."

"Wa ya fasa masa baki?"

"Faɗuwa ya yi."

"A kan hannun wa?"

Samarin suka sunkuyar da kai.

Ga al'adar masu wannan sana'a, sabon fim sai ya gama cin kasuwarsa a sinima kafin a sake shi a kaset, domin idan kaset ya riga fita, ba mai sayen tikiti ya je kallon abin da yake da shi a ɗaki. Saboda haka laifin da ake ɗora wa Bawa ba ƙarami ba ne.

"Wallahi yallaɓai ko bidiyo babu a gidana," in ji Bawa, jini na bin haɓarsa. "'Ya'yana a maƙwabta suke kallo."

"Rufe mini baki, maci amana!" Abdurrahim ya daka masa tsawa.

Aka ɗauki sitatimen, aka sa Bawa a bayan kanta. Ba a jima ba Di-fi-o ya kira Sanda, don an bugo masa waya daga sama, mahaifin Abdurrahim babba ne a gwamnati.

"Gobe da safe a kai shi kotu," in ji Di-fi-o. "Ba na son dogon Turanci."

Sanda ya sara masa ya fito. Ya san yadda abin yake: talaka irin Bawa, wanda ba shi da mai tsaya masa beli, in ya shiga gidan yari jiran shari'a, sai 'ya'yansa sun manta kamanninsa. Ya ɗauki hularsa, ya ce wa Kofur Muhammadu ya tayar da mota.

A gidan sinima suka tarar da Alhaji Inuwa tsaye a kan wani kafinta mai gyaran bencina. Ko sallamarsu bai amsa da kyau ba.

"Sai yanzu? Ranar da aka farfasa mini kujeru ban ga ko hular ɗayanku ba. Ihu bayan hari!"

"Wa ya farfasa su?"

"'Yan kallo mana! Ranar farko layin tikiti har bakin titi. Ai wata guda ana talla a rediyo, ana cewa a zo a ga Sa'adiya tana waƙa da rawa a cikin lambu. Aka haska fim tun daga farko har ƙarshe, ba waƙa ba lambu. Sai jifa. Kashegari rabin kujeru ba kowa. Kafin Juma'a, daga ni sai mai gyaɗa muke kallo."

"To kaset ɗin da ya fita kasuwa ba shi ya kore muku mutane ba ke nan?"

"Ina! Fim ɗin ya mutu tun kafin a sace shi."

"Wa ya cire waƙar?"

"Tambayi mai fim. Yadda ya kawo mana haka muka haska."

"Bawa fa? Kana zarginsa?"

Alhaji ya taɓe baki. "Ya daɗe a wurina, ban taɓa kama shi da komai ba. Amma ba na rantsuwa a kan kowa. Zuciyar mutum birninsa."

Sanda ya sa aka buɗe ɗakin na'ura, ya ɗauki kaset ɗin da ake haskawa, ya sa a aljihu.

Daga nan sai Babbar Kasuwa, layin 'yan kaset. Tun daga nesa suka hangi cincirindo a ƙofar wani shago, 'yan dako sun ajiye kaya, masu gidajen hayar kaset suna miƙa hannu ta saman kawunan juna. Mai shagon, wani kakkaura da ake kira Isa, yana ta ihu, "Ya ƙare! Ku dawo da la'asar, ana kan bugawa!" A talabijin ɗin da ke kan kantarsa kuwa, wata yarinya ce ke juyi a cikin furanni tana waƙa.

Da ganin kakin 'yan sanda, taron ya dare.

"Wane fim ne wannan?" Sanda ya tambaya.

"'Yar Kurmin Mashi, yallaɓai."

"Wannan waƙar a ciki take?"

"Ai ita ake saye. In ba don ita ba, wa zai kalle shi?"

"Wa ya kawo maka?"

Isa ya shafa ƙeya. "Wani baƙo ne daga Kano."

"Sunansa?"

"Ni ciniki nake, ba na tambayar suna."

"Kamanninsa?"

"Dogo ne, ɗan gajere haka."

Kofur Muhammadu ya yi tsaki. Sanda ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta ya zaro kaset guda cikin kwalinsa mai sheƙi, ya juya ya tafi. A mota ya jera kaset biyun a cinyarsa yana dubawa. Na hannun Bawa ba waƙa, na kasuwa da waƙa. Ko ɓarawo ya kai ina, ba ya sace abin da babu.

Ba su sha wahalar gano inda Sa'adiya take ba, don duk layin 'yan kaset maganarta ake, cewa mijinta ya kora ta gidan iyayenta a Malali. Uwarta, Hajiya Hansai, ita ta tare su a zaure.

"Me kuma? Masu fim sun kashe mata aure, ku kuma kun zo ku tara mana jama'a a ƙofar gida?"

"Hajiya, tambaya ce kawai."

"Ku je ku tambayi shaiɗanin da ya ɗauke ta a kyamara!"

"Inna, bar su su shigo," wata murya ta ce daga ciki. Sa'adiya ta fito lulluɓe da mayafi, idanu sun yi jawur, ta tsaya nesa.

Ta ce bayan an gama ɗaukar fim ne ta yi aure, kuma kowa ya sani, 'yar fim in ta yi aure ta yi sallama da harkar. Mijinta Malam Shehu ya yarda fim ya fita, amma da sharaɗi ɗaya: kada duniya ta ga matarsa tana rawa.

"Abdurrahim ya zo har gidanmu da uwar kaset, wadda ake kwafar sauran daga jikinta. Ya zuba mata kananzir a tsakar gida ya cinna wuta a gaban maigidana. Ya rantse babu wata mai waƙar a duniya. Shekaranjiya maigidana ya je aski, ya tarar da ni a talabijin ɗin mai aski, samari suna tafi."

"Kafin a ƙona, an kunna an ga abin da ke ciki?"

Ta ɗago kai ta dube shi. "Wa zai kunna? Ai abin da ba ya son gani ke nan."

"Allah ya isa tsakaninmu da shi," in ji Hajiya Hansai. "Kun ji abin da kuka zo ji, sai ku kama hanya."

Bayan la'asar Sanda ya aika Kofur ya taho da Isa caji ofis. Bai ba shi kujera ba.

"Tuɓe agogonka. Sayar da kayan sata ne laifinka, gobe ku tafi kotu tare da Bawa."

"Ni? Kayan sata? Shekara nawa ina kasuwar nan!" Isa ya fizgi kaset ɗin da ke kan tebur, ya zare kwalin, ya buɗe cikinsa. "Duba nan, yallaɓai! Ɓarawon fim yana da kwali? A leda yake sayarwa, ya rubuta suna da biro. Mu a wurinmu mai fim kyauta yake ba da uwar kaset, kwali yake sayar mana, kowane kwali kaset ɗaya. Kuma ƙungiyar 'yan kaset ta hana mu karɓar kwalin da ba hatimin mai shi, don gudun na jabu. Ga shi nan, ja!"

Sai da ya gama faɗa sannan ya ji abin da ya faɗa.

"Baƙon Kano ne ya buga hatimin?" Sanda ya tambaya.

Isa ya share gumi. Sanda ya sa aka kai shi ɗakin gefe, ya aika a kira Abdurrahim.

Abdurrahim ya shigo yana kaɗa makullin mota, ya zauna tun ba a ce ya zauna ba.

"Ina fatan ya amsa laifinsa?"

"Saura kaɗan. Kaset ɗin da ka ba Bawa babu waƙa. Na kasuwa da waƙa. Daga ina ya samo ta?"

Makullin ya daina kaɗawa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Af, na manta. Kafin in ƙona uwar kaset, na ba shi ya gwada na'ura da ita. A nan ya kwafa."

"Da safe ba ka faɗi haka a sitatimen ba."

"Raina ne a ɓace. Sufeto, ka san da wa kake magana? Ni na kawo ƙara, ba ni aka kawo ba."

"Na sani. Abu ɗaya ya rage mu rufe fayil. An ce kowane mai fim da hatiminsa. Ko Bawa ya taɓa riƙe naka?"

Abdurrahim ya yi dariyar raini. "Wannan? Ko matata ba ta taɓa shi. A aljihuna yake kwana."

"Buga mini a nan."

Ya zaro ya buga a farar takarda. Sanda ya shimfiɗa kwalin kusa da ita. Ja da ja, har ɗan gefen da ya gutsure iri ɗaya. Ya ɗaga murya, "Kofur, shigo da shi."

Da Abdurrahim ya ga Isa, sai ya miƙe zumbur, kujera ta kife.

"Kai! Ba sai da na ce ka karɓa haka nan ba? Kai ka matsa sai na buga!"

"In karɓi kwali ba hatimi ƙungiya ta rufe mini shago?" Isa ya mayar masa. "Kai da ka ce ba mai dubawa!"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abdurrahim ya dubi Isa, ya dubi Sufeto, sai ya zauna a ƙasa da farar shaddarsa.

"Yallaɓai, ka fahimce ni. Filin da na gada wurin mahaifiyata na sayar na yi fim ɗin nan. Na tsaya a bayan sinima ina kallo ana jifan aikina. Abin da mutane ke nema kuma yana cikin akwatina, domin kaset ɗin da na ƙona fanko ne. In zauna in mutu? Na kai wa Isa a ɓoye, cikin kwana kaɗan ya yi cinikin da sinima ba za ta yi a shekara ba."

"Bawa fa, me ya yi maka?"

"Shehu ne ya fito nemana da ƙannensa, kowa da gora. Dole in nuna musu ɓarawo. Na ɗauka za a ɗan tsare shi ne a sake shi."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," in ji Sanda. "Ka yi rantsuwar ƙarya, ka raba mace da ɗakinta, ka sa an cire wa bawan Allah haƙori, ka zo har nan ka mai da hukuma karen farautarka. Kofur, ankwa."

"Bari in buga wa Baba waya!"

"Ka buga daga kotu."

Sanda ya ɗauki kwalin da takardar ya shiga wurin Di-fi-o, ya ajiye masa a kan tebur. Di-fi-o ya daɗe yana dubansu, sannan ya ture wayar da ke gabansa gefe, ya ce, "Saki wancan."

Aka tuɓe wa Abdurrahim takalmi da agogo, aka tasa shi gaba. Kofur ya buɗe ƙofar bayan kanta, Bawa ya fito yana dafa bango, ido ɗaya a rufe. Suka yi kiciɓis a bakin ƙofa.

"Bawa, don Allah ka yafe mini," in ji Abdurrahim.

Bawa ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya tofar da jinin da ke bakinsa gefe, ya matsa, ya riƙe masa ƙofar da hannunsa.

"Shiga, Oga," ya ce. "Ka guji lungun dama, nan bokitin fitsari yake."